Tambaya da Amsa: Zan iya barin yarana a ɗakin karatu in tafi shago?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ni tela ce, ina zaune a Mabera, shagona kuma yana cikin gari. Ina da yara biyu, namiji mai shekara 11 da ƙanwarsa mai shekara 6, mahaifinsu kuma yana aiki a wata jiha. Da aka ba da dogon hutu sai na fara kai su wani ɗakin karatu na jama'a da safe, in ɗauko su bayan azahar, don kada su wuni suna yawo a unguwa. Ana nan sai wani ma'aikacin wurin ya ce in daina barin ƙaramar ba tare da babba ba, domin ba zai ɗauki alhakinta ba. Maganar ta sosa mini rai ƙwarai. Shin laifi na yi? Daga wata uwa, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Niyyarki kyakkyawa ce, kuma uwar da ta zaɓa wa 'ya'yanta littafi a kan yawon unguwa ta cancanci yabo. Amma a kan ƙaramar, gaskiyar ma'aikacin nan ce, kuma ina ganin taimakonki ya yi da ya fito ya faɗa miki, maimakon ya yi shiru ki ci gaba da zaton akwai mai lura da ita.

Ɗakin karatu na jama'a sunansa ya bayyana shi. Ƙofarsa a buɗe take ga ɗalibi da mai bincike da mai neman inuwa, har da wanda ba wanda ya san abin da ya kawo shi. A makaranta akwai rajista, malami ya san yawan yaran ajinsa, maigadi kuma ba ya barin yaro ya fita sai an tashi. Ma'aikacin ɗakin karatu kuwa yana karɓar littafi, yana jera wani a kanta, yana amsa tambayar baƙo, wani lokaci ma ya shiga ciki neman tsohuwar jarida. Idan yarinya mai shekara 6 ta tashi ta nufi banɗaki, ko ta bi mai tallan alawa zuwa bakin titi inda 'yan kabu-kabu ke gudu, ba lallai ne ya gani ba. Ko da ya ga wani mutum ya riƙe hannunta sun fita, ba shi da hanyar sanin ko kawunta ne ko baƙo. Shi ya sa ɗakunan karatu da yawa a Ingila da Amurka suke rubuta doka cewa yaron da bai kai wasu shekaru ba, galibi 8 zuwa 10, dole ya kasance tare da babba.

Mukan ce ɗa na kowa ne, kuma haka ne a wajen tarbiyya da tsawatarwa. Sai dai amana ba ta sauka daga wuyan iyaye sai an miƙa ta ga wani takamaiman mutum, shi kuma ya ce ya karɓa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanmu masu kiwo ne, kuma za a tambayi kowa game da abin da aka ba shi kiwo. Dokar ƙasa ma haka ta tafi: Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗora kula da lafiyar yaro da tsaronsa a kan iyaye ko mai riƙonsa, Jihar Sakkwato kuma ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2021.

Na san za ki ce ai yayanta yana wurin. Yaro mai shekara 11 yana iya zama shi kaɗai na awa ɗaya ko biyu idan mai natsuwa ne, amma ɗora masa renon ƙanwa tun safe har azahar nauyi ne da ya fi ƙarfinsa. Da zarar labari ya ja hankalinsa, ko abokinsa ya shigo, ya manta da ita, kuma idan wani abu ya faru shi zai girma da ciwon abin a zuciyarsa. Ita kanta yarinyar ba za ta iya zama shiru na awa huɗu ba. Yunwa za ta kama ta, ga ƙishirwa, ga barci. Kin san zafin garin nan, wanda daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, kuma idan aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, ƙaramin yaro ne ke fara galabaita, sau da yawa ba tare da ya ce uffan ba.

Shawarata ita ce ku haɗa kai da maƙwabta ku yi karɓa-karɓa. Idan ku huɗu ne ko biyar masu yara, kowace ta ɗauki rana guda ta raka su, ta zauna tare da su, ta mayar da kowa gidansu, sauran kuma su je sana'arsu hankali kwance. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Shehu. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji, wato dattijan mata amintattu, su ne ke jagorantar 'yan taru, wato mata masu neman ilimi, daga ƙauyuka zuwa wurinta ɗaukar karatu, su kuma mayar da su gida. Idan akwai kaka ko gwaggo mai sauran ƙarfi, ko wata ɗalibar babbar makaranta da take hutu, ita ma za ta iya, ko da za ku riƙa ba ta ɗan abin sabulu.

Shi babban, idan zai riƙa zuwa shi kaɗai, ki fara zuwa tare da shi ki gabatar da shi ga ma'aikatan, ki tambayi lokacin rufewa, musamman ranar Juma'a da ake tashi da wuri a wurare da dama. Ya haddace lambar wayarki, ki kuma rubuta ta a takarda ki sa masa a aljihu, tare da gorar ruwa a jakarsa. Ki gaya masa a fili cewa ba zai bi kowa ba, ko da mutumin ya san sunansa ko ya ce ke kika aiko shi, kuma duk wanda ya matsa masa da hira ko kyauta, ko ya bi shi banɗaki, ya tafi kai tsaye wurin ma'aikaci ya faɗa da ƙarfi. Yaranmu mun koya musu kunya da girmama manya, shi ya sa dole a bayyana musu cewa ƙin bin baƙo ba rashin ladabi ba ne. Idan wurin yana da kwamfuta da intanet, ya zauna inda ake ganin allonsa, kada kuma ya ba kowa sunansa ko unguwarsu ko hotonsa.

Ki riƙa isa kafin a rufe, domin lokacin da jama'a suka watse aka bar yaro a bakin ƙofa shi ne mafi haɗari a duk yinin. Ranar da aiki ya riƙe ki, ki aika wanda yaron da ma'aikatan suka riga suka sani. Ki koma wurin ma'aikacin nan ku gaisa, ki tambaye shi ko suna da sashen yara da ranakun da ake karanta musu labari, sai ku tsara zuwan ƙaramar a waɗannan ranakun tare da mai raka ta.