Ƙanwata ta ce za ta ba ni ƙwan haihuwarta, ya halatta?

Tambaya: Allah gafarta Malam, daga Garwa nake. Shekarata 43, shekara 16 da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Likita a Yawunde ya ce mahaifata lafiya lau, ƙwan ne ya tsufa, amma in an samu na yarinya aka haɗa da maniyyin maigidana aka dasa mini, akwai kyakkyawan zato. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, 'yar shekara 25 mai 'ya'ya biyu, ta ce ta ba ni. Ya halatta?

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya share miki hawaye, ya kuma saka wa ƙanwarki da alheri a kan niyyarta.

Likita bai yi miki ƙarya ba. Da ƙwanta ake haihuwar mace, ba ya ƙaruwa sai dai raguwa, kuma ingancinsa yakan fara ja da baya daga shekara 35, bayan 40 abin ya tsananta. Mahaifa kuwa ba ta saurin gajiya haka. Shi ya sa masu wannan aiki suke neman mai bayarwa da ba ta kai 35 ba, su auna jininta saboda sikila da ciwon hanta da ƙanjamau, har su duba launin fatarta da tsayinta.

To, ki tsaya a nan. Me ya sa ake duba launinta? Saboda ita yaron zai ɗebo. Abin da ke sa aikin ya yi nasara shi ne dalilin haramcinsa: rabin halittar yaron daga ƙwan yake, ƙwan kuma na matar da babu igiyar aure tsakaninta da mijinki. Kasancewarta ƙanwarki bai sauƙaƙa komai ba, domin aurenta ma haramun ne gare shi muddin kina ɗakinsa. Gobe yaron nan zai ce mata inna ko uwa? Wa zai gada? 'Ya'yanta biyu 'yan'uwansa ne ko abokan wasa da aure ya halatta tsakaninsu?

Wasu kan kawo ayar Suratul Mujadala cewa iyaye mata su ne waɗanda suka haifa. Ko da an ba ki yaron da hujjar wannan aya, ayar ba ta halatta haɗa ruwan namiji da ƙwan wadda ba matarsa ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta haramta duk hanyar da mutum na uku ya shigo, ko da ƙwai, ko maniyyi, ko aron mahaifa. Na san a Iran an halatta, amma ba fatawar malamanmu ba ce.

Abin da ya halatta shi ne ƙwanki da maniyyin mijinki, aurenku yana nan. Ki tambayi likita ko akwai sauran abin gwadawa da naki, kafin ku zubar da sefa. Shi ma maigidan a auna shi, don maza da yawa sukan noƙe. Idan kuma ƙanwarki ta yarda ta ba ki riƙon ɗaya daga cikin 'ya'yanta, karɓi, sai dai sunan ubansa zai ci gaba da amsawa.

Wallahu a'alam.