Idan gwamna zai sauka, wa ke zaɓar wanda jam'iyya za ta tsayar?

Tambaya: Malam, na lura duk lokacin da gwamna ya kusa kammala zangonsa na biyu sai rikici ya ɓarke a jam'iyyarsa kan wanda zai gaje shi. Yaya ake fidda ɗan takara? Kuma me ya sa gwamna ke sauka, amma wasu sanatoci sun kai shekara 20 a kujera?

Amsa: Ta biyun ta fi sauƙi. Tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa da gwamna zango biyu kacal, shekara huɗu-huɗu. Yunƙurin tazarcen Obasanjo a majalisar dattawa ya mutu a 2006. 'Yan majalisa kuwa ba a sa musu iyaka ba. Muddin jam'iyya ta ba su tikiti, jama'a suka dangwala musu, za su koma. Ahmad Lawan tun 1999 yake majalisar tarayya.

Game da zaɓen fidda gwani, Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta halatta hanya uku: 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya zai zaɓa; zaɓe ta hanyar wakilai, wato daliget; sai masalaha, wadda ba ta halatta sai duk masu neman takarar da aka tantance sun amince a rubuce. Dole kuma a sanar da hukumar INEC ta sa ido.

A ƙarƙashin waccan dokar ta 2022, ƙashin bayan rikicin yana wajen daliget. Su wane ne? Mutanen da aka zaɓa tun daga mazaɓa da ƙaramar hukuma, a tarukan da yawancinmu ba ma leƙawa. Gwamna mai ci ya san haka, don haka tun shekara biyu kafin zaɓe yake dasa mutanensa a shugabancin jam'iyya. Ranar fidda gwani ta zo, ya riga ya gama aikinsa. In zai sake tsayawa, da wuya wani ya tare shi, sai dai in akwai ubangidan da ya fi shi ƙarfi, kamar yadda ta faru da Ambode a Legas a 2018, da Sanwo-Olu ya kayar da shi yana kan kujera. In kuwa zai sauka, kowa sai ya ga dama ta samu: mataimaki, kwamishina, sanata, attajiri. Nan ne kuɗi ke magana. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 aka sayar da shi, kafin a zo batun hidimar wakilai. Tinubu ya samu ƙuri'u 1,271 a taron fidda gwanin APC na wannan shekarar, Amaechi 316.

Amma nuna magaji ba ya nufin cin zaɓe. A Kano Ganduje ya tsayar da mataimakinsa Nasiru Gawuna, ya samu tikiti, Abba Kabir Yusuf ya kayar da shi a 2023. Zamfara ta fi wannan zafi: rikicin APC ya hana ta yin sahihin zaɓen fidda gwani, Kotun Ƙoli ta soke duk ƙuri'unta a Mayun 2019, Matawalle na PDP ya hau kujerar da bai ci a akwati ba.

Ni dai abin da ke damuna shi ne, muna jiran ranar babban zaɓe, alhali an riga an zaɓa mana mutum biyu ko uku. In kana son ka sa baki a kan wanda zai gaji gwamnanku, ka yanki katin jam'iyya, ka tambayi ranar zaɓen shugabannin mazaɓarku, ka je da wuri.