Tambaya Da Amsa: Maigidana Ɗan Pakistan Ne, Za Su Bar Mu Mu Shiga Amurka?

Tambaya: Salamu alaikum Hajiya. Maigidana ɗan Pakistan ne, yana sana'ar kayan babur a nan Yamai, ɗiyanmu biyu. Wansa dake Amurka zai aurar da ɗiyarshi ya gayyace mu, sai gashi ana ta yaɗawa a WhatsApp wai Trump ya hana ƴan Pakistan shiga. Dan Allah gaskiya ne? Wallahi hankalinshi ya tashi.
Daga wata ƴar uwa, Yantala.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar uwa. Ki kwantar mishi da hankali. Maganar ta faro ne a Maris 2025 da jaridun Amurka suka fito da wani jerin ƙasashe da ake shawara a kansu, Pakistan na ciki, amma da dokar ta fito a watan Yuni ƙasashe 12 aka rufe ma ƙofa gaba ɗaya, irinsu Afganistan, Iran, Somaliya, Sudan da maƙwabciyarmu Cadi, babu Pakistan. Abinda ya taɓa su shine dakatar da bizar zama dindindin da aka yi ma ƙasashe 75 a Janairun 2026, su kam suna ciki. To ku biki zaku je ku dawo, bizar ziyara ce, wannan ba'a rufe mishi ba.

Ni ke ce ma nake ji, kuma wallahi abin na min ciwo. A Disamba 2025 an ƙara Nijar da Mali da Burkina cikin waɗanda aka hana gaba ɗaya, ya fara aiki 1 ga Janairu 2026. Kinga indai fasfon Nijar ne a hannunki kuma baki da tsohuwar biza mai rai, tafiyar nan da wuya, aure da ɗan Pakistan bai canza ki a wajensu, fasfo suke dubawa. Yaran kuwa da sauƙi, mai ƙasa biyu in yayi tafiya da fasfon ƙasar da ba'a hana ba dokar bata kama shi, kuma ɗa yana gadon zama ɗan Pakistan ta wajen ubanshi, sai ku je ambasad ɗinsu nan Yamai ku tambayi takardun.

Shi ma dai akwai ɗawainiya, dan tun Yulin 2025 ambasad ɗin Amurka a Yamai ta dakatar da bada biza, dole ya duba shafinsu na intanet ya ga inda ake karɓar mazauna Nijar, ko yayi a Islamabad in ya je gida. Kuɗin dala 185 ne, in an hana ba'a maidawa.

Dan girman Allah kar ku ba wani dillali ko dala ɗaya wai yana da hanya a ciki. Takardar ƙarya ɗaya in suka kama, shi kenan har abada, shi da bai cikin matsala sai ku jawo mishi. Allah ya sanya alheri a bikin, ki gaida yaran.