Ko ƙusa bai saya ba, amma kantarka ce ta faɗo masa

Tambaya: Ina da shagon kayan gini, ɗan yayana ke kula da shi. Watan jiya kantar da muke jibga gwangwanayen fenti ta ɓalle, ta faɗo wa wani mutum da ya rako abokinsa, ya karye a kafaɗa. Yanzu lauyansa ya aiko takarda yana neman diyya. Ko ƙusa ɗaya bai saya a wurina ba, ni kuma ba na nan ranar. Yaron ya taɓa ce mini kantar ta fara rawa, na ce ya lallaɓa ta. Kuɗin da ke hannuna na buɗe reshe na biyu ne. Da gaske doka za ta ɗora mini wannan?

Amsa: Alhaji, da bakinka ka ba da amsar. An ce maka kanta ta fara rawa, ka ce a lallaɓa. Nan shari'ar take, sauran duk ƙura ce.

Bari mu kawar da batun "bai sayi komai ba", domin wannan hujja ta mutu tun 1932. A 1928, a garin Paisley na ƙasar Skotlan, an saya wa wata mata mai suna May Donoghue lemon citta. Kwalbar ba a ganin cikinta. Ta sha, sai da aka tsiyaye ragowar, in ji ta, ruɓaɓɓen dodon koɗi ya fito. Ba ita ta biya ba, ballantana a ce akwai ciniki tsakaninta da mai kamfanin, David Stevenson. Duk da haka, a 1932, kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan zamani, da rinjayen alƙalai 3 a kan 2, ta ce tana da damar ƙararsa. Ɗaya daga cikin alƙalan, Atkin, ya kafa ƙa'idar da ƙasashen da suka gaji dokar Ingila ke bi har yau: wajibi ne ka kiyaye duk wanda mai hankali zai hango cewa aikinka ko sakacinka na iya cutar da shi. Shi doka ke kira maƙwabcinka, ko ba ka san sunansa ba.

To, wa zai tsaya ƙarƙashin kanta a shagon da ƙofarsa ke buɗe? Mai saye, ɗan rakiya, ɗan dako, mai tambayar farashi ya wuce. Duk an hango su. A 1990, a wata shari'a da ake kira Caparo, wannan kotun dai ta ƙara fayyace abin da ake dubawa idan lamari sabo ne: ana iya hango cutar, akwai kusanci tsakanin mutanen biyu, kuma adalci ne a ɗora nauyin. Naka ba sabo ba ne. Mai wuri da wanda ya shigo da izini, an daɗe da gama wannan magana.

Doka ba ta ce ka biya kowace ƙaddara ba. Da mota ce ta ƙwace ta daki bango har kantar lafiyayya ta faɗi, da ni ne zan fara ce maka ka kwantar da hankalinka. Amma kai an faɗa maka.

Rashin kasancewarka a wurin ma ba mafaka ba ce. Sakacin ma'aikaci a bakin aiki, ubangida ke ɗauka, kuma alƙali ba ruwansa da cewa ɗan yayanka ne. Hasali ma, ranar da aka rantsar da yaron aka tambaye shi ko ya sanar da kai, me kake so ya ce? Na taɓa zama da wani mai sito da matakalarsa ta yi wata biyar da tsagewa. Gyaran bai kai ribar kwana biyu ba. Wani mai kawo kaya ya zame ya karya ƙugu, ƙanin mai siton kuma ya faɗi gaskiya a gaban kotu. Diyya da kuɗin lauya suka cinye kusan ribar shekara, zumunci ya bi bayansu. Shi ma lokacin reshe na biyu yake lissafi. Na rasa me ke cikin reshe na biyu da yake makantar da mutane daga na farko.

Yau ɗin nan ka nemi lauya, kada ka amsa takardar da hannunka, kada kuma ka sa ta ƙarƙashin tabarma. A ɗauki hoton kantar yadda take kafin a taɓa ta. Idan akwai wanda ya ga mutumin yana hawa ko jijjiga ta, a rubuta sunansa, domin inda mai ƙara ke da nasa laifin kotu na iya rage diyyar gwargwadon haka. Ka je ka duba shi, ka tambayi lauyanka yadda za ka taimaka da kuɗin asibiti ba tare da ka ɗaure kanka ba. Sulhu ya fi maka araha nesa ba kusa ba; ita kanta Donoghue a wajen kotu aka sasanta da ita, a kan fam 200.

Sannan ka ajiye littafi a shagon: ranar da aka ga matsala, wa ya gani, ranar da aka gyara. Ka kuma tambayi kamfanin inshora tsarin da ke biyan wanda ya ji rauni a wurin kasuwancinka. Kuɗin reshen nan kuwa, kada ka taɓa ko rabinsa sai lauya ya faɗa maka inda maganar diyya ta tsaya.