Amsa ga Hajiya kan kuɗin tallafa wa matasanmu masu shirya fim a Bronx

Hajiya, Allah ya saka da alheri bisa wannan tambaya. Kin ce ƙungiyarku ta mata ta tara kuɗi domin tallafa wa 'ya'yanmu da ke son shirya fina-finai a kan rayuwar baƙar fata da 'yan ci-rani a nan New York, kuma kuna shawara tsakanin sayen kyamara mai tsada da za a riƙa ara wa matasa, da shirya gasa a ba wanda ya yi nasara kyautar kuɗi. Na daɗe ina aikin sa-kai wajen koya wa matasa tace fim, wato yankewa da haɗa hotunan da aka ɗauka su zama shiri, a unguwar nan, kuma shawarata ita ce ku ajiye duka biyun tukuna, ku zuba kuɗin wajen biyan matashi ladan lokacin da zai zauna ya kammala aikinsa, da sharaɗin cewa fim ɗin nasa ne har abada.

Batun kyamara mai sauƙi ne, domin kayan aiki suna nan an riga an biya kuɗinsu. Dokar talabijin na kebul ta 1984 ta ba ƙananan hukumomi a Amurka ikon karɓar har kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfanonin kebul a matsayin ladan shimfiɗa wayoyinsu a titunan jama'a, ta kuma ba su damar neman a ware tashoshi domin mazauna gari. Daga irin wannan yarjejeniya ce aka samu tashoshin mazauna gari irin su BronxNet, wadda ke da ɗakin shirye-shirye a harabar kwalejin Lehman, da MNN a Manhattan, da BRIC a Brooklyn. Mazaunin unguwa yakan yi rajista, ya halarci horo a kan kuɗi kaɗan, sannan a ba shi izinin aron kyamara da makirufo da fitilu, a kuma saka shirinsa a tasha. Gaskiya ne kuɗin waɗannan gidaje yana raguwa tun da mutane suka fara yanke kebul suna komawa intanet, amma har yanzu abin da ke cikin ma'ajiyarsu ya fi abin da ƙungiya ɗaya za ta iya saya, kuma su ne ke da alhakin gyara idan abu ya lalace. Kyamarar ƙungiya kuwa, a abin da na sha gani, takan ƙare a ɗakin mutum ɗaya, ana jin nauyin tambayarsa.

Inda fina-finan yaranmu suke mutuwa shi ne wajen tacewa. Ɗaukar hoto yana da daɗi, ana yinsa cikin jama'a, kowa yana yabawa. Bayan haka sai matashi ya koma gida da sa'o'i masu yawa na hira, alhali da safe yana makaranta, da yamma yana kai saƙon abinci a kan keke ko yana kula da tsofaffi a gidajensu, kuma shirin rabin sa'a yana iya cin watanni kafin ya tsaya da ƙafarsa. Akwai gyaran sauti, wanda shi ne abu na farko da mai kallo ke gudu idan ya ɓaci. Akwai kuma wahalar da ta fi shafar mu, wato fassara. Idan dattijo daga Zangon Kumasi ko daga Maraɗi ya zauna yana ba da labarin zuwansa ƙasar nan, zai yi shi da Hausa mai cike da karin magana da habaici, wani lokaci ya surka da Zabarmanci ko Tuwi, yaron da aka haifa a Bronx kuwa rabin maganar ce yake kamawa. Sai an sami wanda ya ji harsunan da kyau ya zauna da shi jimla bayan jimla kafin a rubuta fassarar Turanci a ƙasan allo. Wannan aiki ne na ƙwararru, kuma ban ga dalilin da za a ci gaba da nemansa kyauta a wajen 'yan'uwa ba.

Wannan shawara tana da tushe a tarihi. Bayan tarzomar unguwar Brixton ta Landan da ta wasu biranen Ingila a 1981, an buɗe tashar Channel 4 a 1982, kuma a wannan shekara ƙungiyar ma'aikatan fim ta ƙasar ta cim ma yarjejeniya da tashar da cibiyar fina-finai ta Birtaniya a kan ƙananan ƙungiyoyin shirya fim marasa neman riba. Abin da aka amince shi ne a riƙa biyan 'yan ƙungiya albashi a kai a kai maimakon a biya su fim ɗaya su watse, haƙƙin mallakar aikin ya zauna a hannunsu, su kuma haɗa shirya fim da koyarwa da nuna shi ga jama'a. A ƙarƙashin wannan tsari ƙungiyoyin baƙar fata irin su Black Audio da Sankofa da Ceddo suka yi aiki, tare da Retake ta 'yan asalin Asiya. John Akomfrah, haifaffen Accra, daga Black Audio ya fito, kuma fim ɗinsu na 1986 a kan tarzomar unguwar Handsworth ta birnin Birmingham ya ci kyautar Grierson ta fina-finan gaskiya; Isaac Julien daga Sankofa ya fito. Duk biyun a yau suna da lambar girmamawa ta masarautar Birtaniya. Da aka rushe majalisar birnin Landan a 1986, tashar kuma ta janye tallafinta bayan wasu shekaru, sai ƙungiyoyin suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, duk da cewa kyamarori sun ƙara araha a lokacin.

Gasa kuwa tana da illar da ba a faɗa. Mutum ɗaya ne yake ci, sauran su koma gida da tunanin ba su iya ba, kuma matasa suna saurin gane irin labarin da alƙalai ke so, sai su lanƙwasa nasu ya dace. Masu ba da tallafi da yawa labarin wahala suke nema daga gare mu: yunwa, ƙetare hamada, tsoron jami'an shige da fice. Waɗannan abubuwa sun faru, amma akwai labarin mai kitso da ta aurar da ƙannenta uku da sana'arta, akwai na limamin da ke sasanta ma'aurata tsakanin Magariba da Isha'i. Na san wata yarinya da wata cibiya, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta ba ta ɗan tallafi ta sa hannu a takarda ba tare da wani babba ya karanta mata ba, daga baya ta gano ba ta da ikon nuna fim ɗin kakarta a wajen taron danginta sai da izini. Saboda haka ku rubuta a fili cewa ƙungiya ba ta mallaki komai ba, abin da take nema kawai shi ne a fara nuna aikin a gabanta.

Kuɗinku ya zo a lokacin da ake buƙatarsa. A watan Yulin 2025 majalisar dokokin Amurka ta janye kimanin dala biliyan 1.1 da aka ware wa hukumar da ke tallafa wa gidajen rediyo da talabijin na jama'a, hukumar kuma ta sanar da cewa za ta rufe. Daga cikin waɗanda suka dogara da ita akwai Black Public Media, wadda aka kafa a 1979, da takwarorinta huɗu da ke tallafa wa masu fim 'yan asalin Latin Amurka da Asiya da tsibiran Pasifik da 'yan asalin ƙasar nan na farko. Black Public Media da Firelight Media ta Stanley Nelson da Marcia Smith duk a New York suke, kuma su ne mataki na gaba ga yaron da ya nuna ya iya, sai dai suna son ganin aikin da aka kammala kafin su buɗe ƙofa. Baƙaƙen fatan Amurka ne suka gina waɗannan cibiyoyi da gwagwarmayar shekaru, kuma ya kamata yaranmu su shiga da ladabin mai neman ilimi, domin wasu daga cikinmu suna zaune maƙwabtaka da su shekara da shekaru ba tare da sanin tarihinsu ba.

Wajen zaɓen waɗanda za ku tallafa, kada ku manta da masu ɗaukar bidiyon biki da suna. Su ne suka fi kowa sanin al'ummar nan, ana barinsu su shiga ɓangaren mata, kuma a cikin kwamfutocinsu akwai tarihin zamanmu a Bronx da babu shi a wani ɗakin karatu. Ku haɗa kowane matashi da ɗaya daga cikinsu, ku biya su duka biyun. Ku tabbata duk wanda aka ɗauka an yi masa bayani da harshensa inda fim ɗin zai je, musamman wanda takardunsa ba su kammala ba, kuma a ba shi damar ganin aikin ya ce a cire abin da zai cutar da shi. Daga ƙarshe ku ware wani abu domin hayar zauren nuni da sayen ma'ajiyar bayanai biyu ga kowane fim, ɗaya a wajen mai shi, ɗaya a wani gida dabam. Idan kun sa ranar zama, Hajiya, ki sanar da ni, zan zo da samfurin takardar yarjejeniyar da muke amfani da ita ku duba.