Tambaya da amsa: wane irin yaro zan ɗauka ya tsaya a ƙasa in mai hawa yana kan bishiya?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. A Kaduna nake, na fara 'yar sana'ar rage rassa da sare bishiyoyi a gidaje da makarantu, irin su dogon yaro da mangwaro da turare in sun fara barazana ga kwano ko katanga. Ina da injin yankan itace ɗaya da mai hawa wanda ya san aikinsa. Matsalata yaran ƙasa ne, kullum sai dai in kwaso 'yan dako a bakin titi, yau wannan gobe wancan. Yanzu ina so in ɗauki na dindindin, ga shi kuma yayata ta matsa sai na ɗauki ɗanta. Me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Toh abu na farko, cire maganar ƙarfi daga saman lissafinka. Na san me ya sa kake kwaso 'yan dako, kana ganin aikin ƙasa ai jan reshe ne da loda itace a mota, duk mai ƙwanji zai iya. Ƙarfin yana da amfani ba a ce babu ba, amma kaga mutumin da ke sama yana rataye da igiya, inji na kuka a hannunsa, ganye ya rufe masa rabin abin da ke ƙasa, idonsa da kunnensa wannan yaron na ƙasa ne. In yaron nan hankalinsa ya tafi wani wuri na daƙiƙa biyar shikenan, ko dai reshe ya sauko a kansa ko a kan ɗan makwabta da ya shigo kallo. Kuma mutane na raina nauyin ɗanyen itace wallahi. Gungumen dogon yaro mai faɗin santimita 30 da tsawon mita ɗaya kacal ya fi buhun siminti nauyi, balle ace daga can saman rufin bene ya taho.

Saboda haka wanda kake nema shi ne mai ɗaga kai. Wannan kuma ba a gane shi da baki, sai a wurin aiki. Ka ɗauke shi gwaji na sati ɗaya ko biyu kana biyansa kuɗin yini, ka koma gefe ka zuba ido kawai. Da inji ya tashi a sama ina idonsa yake? Akwai yaron da da ya ga reshen farko ya faɗo zai ruga ƙarƙashin bishiya ya jawo shi don ya burge oga, bai tsaya ya ga ko na biyu na tafe ba. Irin wannan himmar ita ke kai mutum asibiti. Na kirki zai tsaya a waje, ya jira mai hawa ya kashe inji ko ya ba shi alama, sannan ya shiga ya ja ya fito, ko da ya sunkuya ma zaka ga yana satar kallon sama. Wanda kuma ka gani da abin sauraron waƙa a kunne, ko yana latsa waya alhali ana yanka, ka yi masa magana sau ɗaya, in ya sake ka sallame shi cikin mutunci.

Sai ku kafa ƙa'idar kira da amsawa, ka ga ko zai riƙe ta. A Amurka wannan rubutacciyar ƙa'ida ce ta masu sana'ar, tana cikin ƙa'idojinsu na ANSI Z133: mai hawa ba zai saki komai ba sai ya yi kira kuma ya ji an amsa. Ku a nan ko "a kauce!" ne shi kuma na ƙasa ya duba ko ina ya ce "an kauce, saki!" ya wadatar, in ƙarar inji ta yi yawa ku haɗa da usur. Abin dubawa shi ne ko yana waigawa ya duba da gaske kafin ya amsa, ko kuwa bakinsa ne kawai ya saba.

Yanzu igiya, nan ne zan ɗan daɗe don nan ake bambanta ɗan ƙasa da lebura. A cikin gari ba kasafai ake barin reshe ya faɗo yadda ya ga dama ba, ga kwano ga tankin ruwa ga motar Alhaji, dole a ɗaure shi a sauke a hankali, kuma wanda ke riƙe da ƙarshen igiyar shi ne na ƙasa. Ana naɗa igiyar a jikin kututture sau ɗaya ko biyu gwargwadon nauyin reshen, don kututturen ya ɗauke nauyin ba hannun mutum ba (masu hali suna sayen ƙarfen da aka ƙera don haka a ɗaura a gindin bishiya, ya fi sauƙi kuma ba ya cin igiya). To da reshe ya rabu da bishiya, gwani ba ya ƙanƙame igiya nan take, yana barinta ta ɗan zame a hannunsa sannan ya tsayar a hankali. In ya ƙanƙame lokaci ɗaya, duk fizgar nan bishiyar za ta koma, ta girgiza, mai hawa ya bugu da kututture ko ma reshen da aka rataya igiyar ya ɓalle. Wannan abu ne na hannu, wani cikin kwana kaɗan ya kama, wani ko shekara zai yi ba zai iya ba. Sannan duk wanda ka ga yana naɗa igiya a tafin hannu ko a wuyan hannu ko a ƙugu wai don ta riƙu, ka tsayar da aikin a take ka gyara masa, don in nauyi ya fi ƙarfinsa ba zai iya saki ba, sama za ta yi da shi ko ta tafi da yatsu.

Gwajin da nake ba mutane shawara mai sauƙi ne. Ka nuna masa ƙulli biyu, wanda ba ya zamewa da kuma zargen da ake ɗaure reshe da shi, ka bar shi ya yi ta maimaitawa, washegari da safe ka miƙa masa igiya ba tare da ka ce komai ba. Ka kuma lura da yadda yake ajiye ta bayan an tashi, ya naɗe ta tsaf ko ya watsar a cikin ƙasa kusa da galan ɗin fetur.

In kana tambayar ina ake samun irinsu, ni dai na fi karkata ga waɗanda suka riga suka saba da igiya a wata sana'ar. Yaran masu haƙar rijiya, musamman wanda ke tsayawa a baki yana jan guga alhali ubangidansa na can ciki, wannan ya riga ya san menene ran mutum ya rataya a hannunsa, abin da kake so kenan sai dai an juya shi sama da ƙasa. Yaran mota masu ɗaure lodi ma suna da hannu a ƙulli. Haka wanda ya taso a ƙauye yana hawa gawo ko maɗaci yana sassaro wa dabbobi ganye, ya san yadda reshe ke tsagewa kafin ya faɗi, kuma zai yi maka amfani a maganar da ke tafe.

Maganar ita ce, cikin 'yan ƙasanka lallai a samu aƙalla mutum ɗaya da zai iya hawa. Ba don ya yi yanka ba, don ranar da mai hawanka zai yanke ko ya suma a sama, ko zuma ta taso masa daga kogon bishiya, abin da ke faruwa sosai a tsofaffin mangwaro da tsamiya. A Ingila ba a yarda mutum ya hau aiki ba sai akwai na biyu a wurin da aka horar kan sauko da shi. Mu nan in ka ce sai ka kira lambar gaggawa ta 112 ka jira, mutum na rataye jini na zuba, ka san yadda abin yake. Don haka ko ka ɗauki mai iya hawa, ko mai hawanka ya koya wa ɗaya daga cikinsu, ku riƙa gwadawa a ƙaramar bishiya ranar da babu aiki. In da hali ka tura su horon taimakon gaggawa, Red Cross na yi, ko ba komai su san yadda ake danne rauni a tsayar da jini. Wanda jini ke sa shi jiri gara ka sani tun yanzu.

Akwai kuma hali guda da mu Hausawa muke yabo amma a wannan aikin yana iya zama matsala, wato kunya. Yaro mai ladabi wanda ba zai iya buɗe baki ya ce wa mai gida "Alhaji dan Allah a ɗan matsa baya" ba, ko ya ce wa Hajiya ta janye yara, ko ya daka maka tsawa kai ogansa in ka taka inda bai kamata ba, wannan bai dace da ƙasan bishiya ba komai kyawun halinsa. Ka san yadda unguwa take, da an ji ƙarar inji yara sun cika wuri, masu akuya sun zo ɗiban ganye, mata na jiran ƙirare, mai Keke Napep na so ya kutsa ta ƙarƙashi. Kana buƙatar mai muryar da za a ji, wanda kuma zai kori mutane ba tare da ya zagi kowa ba, don kwastoma ba ya manta yaron da ya yi wa matarsa rashin kunya. In kuma gaba ɗaya za a kayar da bishiyar, ƙa'idar ita ce kowa ya yi nisan tsawonta sau biyu, banda mai yankan. Tsare wannan filin aikin ɗan ƙasa ne.

Ka yi masa tambaya ɗaya tak a kan wuta: in reshe ya faɗa kan waya ya maƙale me za ka yi? In ya ce zai samo sanda ko ya ja da igiya, ko ya ce ai yanzu babu wuta, toh akwai sauran karatu. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, jiƙaƙƙiyar igiya ma haka, kuma wutar da aka ɗauke ana iya dawo da ita ko yaushe ba sallama, ga masu janareta da sola da wani lokaci wutarsu ke komawa kan layi. Manyan wayoyin nan na 11kV da 33kV ba sai ka taɓa ba ma, matsowa kusa kaɗai ya isa. A Amurka wanda ba a horar kan aikin layi ba an hana shi matsawa ƙasa da ƙafa 10, kusan mita 3 kenan, shi da kayan aikinsa. Amsar da kake so ka ji ita ce ba zan taɓa ba, zan kori mutane, a kira 'yan wuta su kashe layin.

Batun inji ba sai ya zo da iyawa ba, ana koya. Amma shi zai riƙa haɗa mai, to ya zama mai kiyaye awo: injinan Stihl da Husqvarna 50 da 1 ake haɗa musu in man haɗin mai kyau ne, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur, ba a yi da ka. Ya duba man sarƙa, ya duba ko ta saki, ya tayar da injin a ƙasa ya ɗan yi zafi, ya kashe, ya sa birkin sarƙa sannan ya ɗaura a igiya ya tura sama. Mai shan sigari kusa da galan kuwa ba sai na faɗa ba. Haka mai shan Tramadol ko wani abu wai don ya ji ƙarfin aiki, wannan ya zama ruwan dare a aikin ƙarfi kuma da wuya ya faɗa maka da bakinsa, sai dai ka tambayi inda ya yi aiki a baya da mutanen unguwarsu, ka kuma lura da shi da rana tsaka.

Ɗan yayarka fa? In ya kai 18 ka ba shi gwajin da za ka ba kowa, amma tun kafin ya fara ka je ka samu Yaya ka gaya mata cewa gwaji ne, kuma ba kai kaɗai ke yanke hukunci ba. Gaskiya ma hakan ya kamata, mai hawanka shi ke da ta cewa ta ƙarshe a kan duk wanda zai riƙe masa igiya, in ya ce hankalinsa bai kwanta da wane ba kar ka tilasta. Wannan kuma ya ba ka mafita a gida, in yaron bai yi ba sai ka sa shi ɓangaren lodi da shara da kai itace, nesa da igiya. In bai kai 18 ba kam kar ma a fara.

Mutum biyu a ƙasa shi ne mafi ƙaranci in aikin na bakin hanya ne ko cikin makaranta, ɗaya a igiya ɗaya a kan mutane. Ka fi ba da kuɗin yini ko na wata a kan na jinga, don jinga tana sa gaggawa. Hular kwano da safar hannu da takalmin sefti da abin toshe kunne kai za ka saya ba su ba, ƙarar injin nan ta haura desibel 100, tana cin kunne a hankali. Ka nemi garanto da lambar wani nasa na kusa, in sana'ar ta zauna kuma ka leƙa ofishin NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kashi 1 cikin 100 na albashin da kake biya ta ce ka riƙa zubawa. Sannan tun ranar farko ku yi magana a kan itacen da aka sare, na mai gida ne ko naka ne ko akwai kason yara a ciki, don masu gidan biredi da 'yan itace za su zo suna yi musu tayi a bayan idonka tun ba a gama aikin ba.