Kafasita ta tsiyaye a ƙwaƙwalwar mota: a gyara ko a sauya?

Tambaya: Ina da Lexus LS400 ƙirar 1994. Da safe sai na yi ta murza makulli kafin ta tashi, wani lokaci kuma ta mutu a kan hanya haka kawai. An canja fulogi da famfon mai, amma ba ta sake zani ba. Mai gyaran wayarin ya buɗe ƙwaƙwalwarta, ya ce kafasitoci sun tsiyaye. Ana gyarawa, ko in nemi wata ta hannu?

Amsa: Malam, ana gyarawa, kuma ni gyaran zan zaɓa. Ƙwaƙwalwa ita ce na'urar lantarki da ke sarrafa aikin injin, kafasitoci kuma ƙananan kayan da ke taskace lantarki ne a kan allon da ke cikinta. Wadda za ka sayo ta hannu shekarunta ɗaya da taka, irin kafasitocin da suka lalace a taka su ne a cikinta. Ko ta yi aiki yau, kwananta ne bai ƙare ba.

Wannan ciwo sananne ne a motocin Japan na ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 1990, kamar Toyota da Mitsubishi da Honda. Ruwan sinadarin da aka zuba a wasu kafasitocin wancan zamani yana lalata toshiyar robar da ke gindinsu, sai ya riƙa zurarowa ta ƙafa. Shi ya sa suke yaudara. Za ka ga kafasita tsaye ƙyam, kanta bai kumbura ba, alhali ƙarƙashinta ya jiƙe. Duba gindin da kyau: za ka tarar da danshi mai maiƙo, ko baƙin tabo, ko tsatsa kore-kore a ƙafar. Idan kuma aka ɗora ƙarfen narkar da dalma a wurin ya yi zafi, wani ƙarni kamar na kifi ke tashi.

A fara cire kan batir kafin a zare ƙwaƙwalwar, a kuma ɗauki hoton allon don kada a manta mazaunin kowace. Duk kafasitocin nan masu siffar gwangwani za a sauya, har waɗanda ba su nuna komai ba. Lambar µF, wato ma'aunin lantarkin da kafasita ke taskacewa wanda ake rubutawa a jikinta, ta zama daidai da ta tsohuwar. Lambar bolt kuwa ko daidai ko sama, kada ta gaza. A nemi masu jure zafin digiri 105 a ma'aunin Celsius, na kamfanoni irin su Nichicon ko Panasonic ko Rubycon, daga hannun amintaccen dillali, domin jabu sun yi yawa. Ƙafar da ke gefen ratsin da ke jikin kafasitar ita ce ta ragi (−), in aka juya ta kafasitar na iya fashewa.

Sai dai sauyawar ba ita ce wahala ba. Inda yawancin gyara ke lalacewa shi ne wanki. Ruwan nan yana bin ƙarƙashin fentin allon yana cin siraran hanyoyin tagulla, kuma ba zai daina ba don an sa sabuwar kafasita a kansa. Bayan an cire tsohuwar, a kankare fentin a hankali har inda tabon ya kai, a wanke da barasar goge allo da ƙaramin buroshi, a sake wankewa, a bari ya bushe sarai. Daga nan a ɗauki mitar gwada lantarki a bi kowace hanya da ta ratsa wurin. Hanya takan yanke ido bai gani ba, musamman a bakin ƙananan ramukan da ke haɗa fuskar allo da bayansa. Wadda ta yanke a haɗa ta da siririyar waya, a shafa sabon fenti a kai.

Abu ɗaya da nake ja wa masu gyara kunne a kansa: kada a fizge kafasita da filaya. Allon ya tsufa, ruwan kuma ya riga ya raunana shi. A narkar da dalma, a tsotse ta tas, ƙafar za ta fito da kanta. Idan mai gyaranka bai saba da aikin allo ba, gara ka kai wa mai gyaran rediyo ko talabijin, hannunsa ya fi sabawa da irin wannan.

Bayan an mayar, silo, wato jujjuyawar injin idan mota na tsaye, na iya ɗan rawa na wani lokaci, kafin ƙwaƙwalwar ta sake daidaita kanta. Idan motar ta ci gaba da mutuwa, a duba wayoyin da ke haɗe da jikin mota da soket ɗin ƙwaƙwalwar kafin a sake taɓa allon.